Abin da Na Zuba a Kofin Bushira

Shekara arba'in da biyu ina kama kifi a kogin Haɗeja. Ubana ma a jirgi ya tsufa, can bakin Cadi, kafin ruwa ya ja baya mu taso yamma. Saboda haka idan zance ya zo kan kifi, ni Zarami ba na tsayawa jin ta bakin kowa. Wannan hali nawa ne ya kusa raba ni da 'yata.

Bushira ce autarmu, ita kaɗai ta rage mana a gida ni da uwarta Mairam. Ta yi shekara huɗu a jami'a a Kano tana wani karatu da har yau harshena bai iya juya sunansa ba. Da ta gama bautar ƙasa, wani kamfanin ruwan leda a Kano ya kira ta aikin gwada ruwa. Ta zo gida yi mana sallama, sai ta ga abin da nake dawowa da shi daga kogi: 'yan karfasa da ba su kai tafin hannu ba, don ciyawar kacalla ta cinye rabin wuraren da nake zuba raga. Ta daɗe tana kallon kwandon.

"Baba," ta ce, "tunda kogi ya rage haihuwa, mu za mu haifi namu a gida."

Na yi dariya har da buga cinya, amma a cikina murna ce fal. Ko ƙwan dutse ta ce za ta ƙyanƙyashe, zan ce ta fara, in dai za ta zauna a gabanmu. Ta ce wa mutanen Kano su ba ta lokaci. Ta share ɗakin da nake jibge tsofaffin raguna, ta jera tankunan roba, ta jawo ruwan burtsatse, ta sayo manyan tarwaɗa, mata shida da maza huɗu.

Aikin nata ga yadda yake. Da yamma ta yi wa macen kifi allura. Da safe ta yanka namiji, ta ciro wani farin abu daga cikinsa, ta matse shi a kofi. Sunan abin nan bai faɗuwa tsakanin uba da 'ya, don haka muka riƙa ce masa madara, kowa ya huta. Sai ta zuba wa madarar wani ruwa na leda, irin wanda ake ƙara wa marar lafiya a asibiti. Daga nan ta je ta kamo macen, ta goge ta da tawul, ta tatse ƙwanta a busasshen kwano. A ƙarshe ta haɗa ƙwai da madara, ta ƙara ruwa, ta juya, ta baza a kan yankin gidan sauro a cikin tanki. Wai kashegari 'ya'ya za su fito.

Ni kuma, mai shekara arba'in da biyu a ruwa, aikin da aka ba ni shi ne riƙon kofi.

"Ka riƙe shi kawai, Baba. Kada ka bari komai ya faɗa ciki."

Tana juya baya na ɗauki ledar ruwan nan na ɗiga a harshe. Gishiri! Na sake ɗanɗanawa don kada in zalunce ta. Gishiri ne dai.

Ni da gishiri mun san juna. Shi muke barbaɗa wa kifin da ya riga ya mutu, ya tsotse masa ruwa ya bar shi ƙandas. Tarwaɗar Haɗeja, tun daga kakanninta, ba ta taɓa shan ruwan gishiri ba. Ga shi an ɗauko irinta tun bai zama komai ba an tsoma a ciki. Na ce a raina, yarinya ta yi karatu, amma littafin nata na mutanen bakin teku ne. Na so in yi magana, sai na hango yadda fuskarta za ta yi idan ubanta da bai yi boko ba ya kama ta da kuskure a ranar farko. Na ce a'a, gyara a ɓoye ya fi. Ina da gora da nake ɗebo ruwan kogi kullum da safe, don ni ruwan famfo bai taɓa kashe mini ƙishirwa ba. Na kwance bakinta na tsiyaya kaɗan a kofin, na kaɗa da ɗan yatsa, na ce su sha su ji gida. Sai da Bushira ta yi wajen minti biyar tana kokawa da macen kafin ta karɓi kofin. Ni kuwa ina tsaye, ina jin kaina wani mutumin kirki.

Kashegari ƙwai suka wayi gari fari fat kamar jiƙaƙƙen garin kwaki. Kafin azahar wari ya kori kowa daga ɗakin.

Bushira ta ce wataƙila ruwan burtsatsen ne. Ta auna shi da wasu 'yan takardu masu canza launi, ta wanke tankuna, bayan sati uku ta sake. Ni kuma na zauna na yi nawa lissafin, na gano inda matsalar take: ruwan kogin da na zuba ya yi kaɗan, gishiri ya fi ƙarfinsa. A karo na biyu na zuba rabin kofi. Aka sake samun garin kwaki. Ta canza allura, ta canza mace, ta kira wani malaminta a waya suka yi awa guda suna Turanci. A karo na uku na cika kofin har baki. Har ta yaba wa namijin, wai ya yi auki.

Zuwa lokacin unguwa ta samu abin taunawa. Maƙwabcina Ɗahiru mai banda, wanda bakinsa ya fi murhunsa hayaƙi, kullum muka haɗu a masallaci sai ya rage murya kamar mai jaje.

"Malam Zarami, yaya mai jego? Yaushe ne sunan? Ka ga mun ɗinka sabbin kaya."

Nakan ce masa in 'ya'yan suka zo, shi ko ƙaya ba zai samu ba. Amma ina dawowa gida sai in tarar da Bushira zaune a bakin tanki da littafinta, tana bin layi ɗaya sau goma. Ta rage magana, ta rage ci. Yarinyar da take cika gida da tsokana ta koma gaisuwa kawai.

Ranar wata Laraba da hantsi, muna tsakar gida, ta ce ta kira mutanen Kano. Har yanzu gurbin yana nan. Asabar za ta tafi. Matan kifin da suka rage a sayar wa Ɗahiru, namijin guda da ya saura kuma a yi miya da shi. Mairam ta tashi ta kamo shi ta ɗora a faranti, ta ɗauko wuƙa da ƙarfin da ya fi na yankan kifi.

Don dai in ji muryarta, na ce, "Wai ni Bushira, shekara huɗun nan me kuke yi a can? Ban taɓa tambaya ba."

Ta ɗan yi murmushi. "A shekarar ƙarshe tantani nake ƙerawa, Baba."

"Tantani? Irin na bakin kalangu?"

"Irin na cikin ɓawon ƙwai, amma ya fi shi siranta nesa ba kusa ba. Mukan tatso maiƙo daga gwaiduwa, mu shafa a wata 'yar huda kamar kan allura, a jikin bangon da ya raba ruwa biyu. Maiƙon sai ya baje ya rufe hudar. Gefe ɗaya ruwan gishiri, gefe ɗaya ruwa zalla. Sai in zauna in auna ruwan da ya ƙetare."

"Ruwa ya ratsa mai?" na ce. "Mairam, kin ji inda muka tura 'yarki. Shekara guda tana gadin ƙofar da ko sauro ba zai bi ba."

"Yana ratsawa mana," in ji Bushira, muryarta ta fara dawowa. "A hankali, kamar yadda sabuwar randa take gumi. Gishirin ne ba ya iya wucewa. Kuma kullum ruwan wajen gishiri yake nufa. Ai ka fi ni sani. In ka barbaɗa wa kifi gishiri, ina ruwan jikinsa yake zuwa?"

"Waje."

"To ka gani. Jikinmu da na kifi duk 'yan ƙananan jakunkuna ne da ido ba ya gani, kowace da irin wannan tantani na maiƙo. Bambancin, na mai rai sau da yawa yana da wasu 'yan ƙofofi da ruwa kaɗai ke bi. Wanda na ƙera ba shi da su, shi ya sa nake kwana jira. Na mai rai kuwa kafin ka ƙifta ido ruwa ya shige. Bari ka gani."

Ta tashi da saurin da na yi wata uku ban gani ba. Ta ɗauko kofunan gilas biyu, ɗaya ta zuba ruwan randa, ɗaya ragowar ruwan ledarta. Ta je wajen uwarta ta lakato jinin tarwaɗa, ta ɗiga a kowanne ta kaɗa. Bayan ɗan jim ta ɗauko kwalin ashana ta riƙe a bayan kofin farko. Ruwan ya yi ja garau, har zanen kwalin ina gani. Ta mayar da shi bayan na biyu, mai gishiri. Wannan ya yi duhu kamar kunun da aka dama da jar dawa, ban ga komai ba.

"Wannan mai kyan ai shi ne lafiyayye," na ce.

"Shi ne matacce. Cikin jakunkunan jini akwai gishiri, waje babu. Ruwa ya yi ta shiga har suka kumbura suka fashe, shi ya sa kake gani ta ciki. Na biyun gishirinsa daidai yake da na jikin kifin, babu mai shiga babu mai fita, suna nan kalau."

"Tsaya. Jikin tarwaɗa akwai gishiri?"

"Baba, ka taɓa lasar jininka in ƙugiya ta soke ka?"

Na taɓa, sau ba adadi. Na gyara zama, na yi kamar ina duba farcen ƙafata.

"To ita... madarar nan fa? Ita ma don haka kike sa mata?"

"Ita ce ma ta fi. Muddin tana cikin ruwan gishirin nan, barci suke, kamar suna jikin ubansu. Da ruwa zalla ya taɓa su, ya fara ratsa tantaninsu, sai su farka su ruga neman ƙwai. Gudun nan duka bai fi minti ɗaya ba, daga nan sun gama, ba sa sake tashi. A kogi ma haka ne, sai dai uwa da uba suna manne da juna a lokacin. Shi ya sa ba na zuba ruwa sai na haɗa su da ƙwai."

"In aka zuba tun suna kofi fa? A ce bisa tsautsayi."

"Ai an tashe su tsere babu inda za su. Kafin a kawo ƙwai duk sun mutu." Ta kwashe kofunanta. "Wannan kam ban taɓa kuskurensa ba. Da ma shi ne, da na huta."

Na ce zan je duba jirgi. Na fita ko hula ban ɗauka ba.

A bakin kogi na zauna na yi shawara da kaina, kuma shawarar farko ta matsorata ce. Na ce ba sai kowa ya sani ba. In lallashe ta ta sake gwadawa sau ɗaya, in riƙe kofi kamar mutumin kirki na gaske, 'ya'ya su fito, a ce Allah ne ya kawo lokaci. Da la'asar na same ta tana ninke kaya.

"Bushira, ki ƙara sau ɗaya. Jikina ya ba ni wannan karon za a dace."

"Baba, sau uku jikinka yana ba ka."

"Wannan daban ne."

"Me ya canza?"

Ta ci gaba da ninki.

Na koma wajen Mairam, tana bayan ɗaki tana wanke tukunyar miyar. Na tsuguna na faɗa mata komai da ƙaramar murya. Ta saki soso ta dube ni, sai dariya ta kama ta. Ta yi ta yi har ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki.

"Su sha su ji gida! Wayyo Allah, Malam! Mutum dubu nawa ka shayar?"

"Rage murya mana."

Ta share hawayen dariya da bakin zane, fuskarta kuma ta canza. "Ka san yarinyar nan tuwon da nake ba ta kaji take zuba wa?"

"Shi ya sa na ce ko ke za ki faɗa mata. Ke uwa ce, kin san yadda za ki bi da ita."

"Ni na riƙe kofin? Da hannunka ka zuba, da bakinka za ka faɗa." Ta ɗauki sosonta ta ba ni baya.

Na taɓa faɗawa ruwa a tsakiyar ambaliya. Na taɓa cire ƙayar tarwaɗa daga tafin ƙafata da reza. Duk ba su kai tafiyar da na yi ranar Alhamis da safe ba, daga ƙofar ɗakina zuwa ɗakin tankuna, taku goma sha biyar. Bushira tana kwance bututu. Na ajiye gorata a kan teburinta.

"Wannan fa?"

"Ruwan kogi ne," na ce. "Shi nake zuba miki a kofi in kin juya baya. Na ɗanɗana naki na ji gishiri, na zaci kuskure kika yi. Ban so ki ji kunya ba."

Ta dubi gorar, ta dube ni, ta sake duban gorar.

"Sau nawa?"

"Duka ukun."

"Yaya yawansa?"

"Na farko kaɗan. Na biyu rabi. Na ukun... kin tuna kin ce namijin ya yi auki?"

Na ga gefen bakinta ya motsa, na yi zaton dariya za ta yi irin ta uwarta, har na fara shirya tawa. Sai ta zauna a kan bokiti ta rufe fuska da hannu biyu. Da ta ɗago idonta jajir.

"Baba, wata uku ina tsammanin ni ce ban iya ba. Na ciro takardar shaidata na zauna ina kallonta, ina cewa ko kuskure aka yi aka ba ni. Na ji kunyar fita ƙofar gida. Na ji kunyarka, kai da kake tsaye kana riƙe mini kofi kullum ba ka taɓa gajiya ba." Ta ja numfashi. "Da ka tambaye ni. Kalma ɗaya."

Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba. Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe, da irin muryar da ake ce wa baƙo ya gaida gida. Na ce to ko za a sake? Ta ce da wane namijin, na cikin tukunya?

Ta fita ta bar ni da gorata.

Wannan kam aikina ne, ba sai an buɗe littafi ba. Na ɗauki ƙugiyoyina da babbar jarka mai yankakken baki, na hau acaɓa zuwa wajen Kirikasamma. Akwai wani lungun ruwa a bayan kacalla da ni da tsofaffi biyu kawai muka sani, ɗayansu ma ya rasu. Na shiga ruwa har ƙirji, sauro da matsattsaku suka yi biki a kaina. Mata biyu na kama na sake. Sai gab da la'asar wani ƙaton namijin tarwaɗa ya zo, baƙi wuluk, tsawon hannuna tun daga kafaɗa, gashin bakinsa kamar na tsohon ɗan sanda. Muka dawo ni da shi a bayan babur, yana dukan jarka, mai acaɓa yana ta salati.

Na juye shi a tanki ban ce da kowa komai ba, na je na zauna a tabarma ina ƙoƙarin kada in kalli ƙofar ɗakin. Can Bushira ta wuce ta shiga. Na ji ƙarar ruwa. Ta fito hannunta jiƙe.

"A ina ka samo shi?"

"Wani wuri."

"Ya isa," ta ce. "Inna, ina kwalbar allurar nan? Amma jakata tana nan a ɗaure. Asabar tana nan yadda take, sai abin da na gani."

Juma'a da safe aka tsige ni daga muƙamina. Mairam aka ba kofi. Ni aka kifa mini turmi a lungu aka ce in zauna, in sa hannuwana a ƙarƙashin cinyoyina. Mairam tana riƙe da kofin da hannu biyu tana hararata, kamar zan yi tsalle in tofa a ciki. An kai gorata ɗakin girki an rufe. Bushira ta tatse ƙwai, masu ruwan ƙasa-ƙasa da ɗan kore, suna sheƙi a kwano. Ta juye madara a kai, ta gauraya da cokalin roba. Sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Baba, taso. Yanzu ne lokacin ruwan naka."

Na miƙe har turmi ya faɗi. "In ɗauko gorar?"

"Na famfo. Ga shi nan a jug. Zuba a hankali, ka ƙirga sittin da ƙarfi."

Na zuba. Na fara ƙirga tana juyawa. Ban ga komai ba sai ruwa mai ɗan fari yana zagaya kwano, amma yanzu na san abin da ke faruwa a ciki: an buɗe wa dubban bayin Allah ƙofa, kowa yana gudun ransa, kuma a wannan karon akwai inda za su. Wajen arba'in na ɓata ƙirga, Mairam ta ɗora mini. Aka baza ƙwan a raga, aka saki ruwa yana ɗiga, aka kore mu duka.

Ranar nan ko huɗubar Juma'a ban fahimta ba. Ɗahiru ya matso bayan sallah zai fara jajensa, na ce masa yau in ya yi magana sai na sa shi a murhunsa. Ya ga idona, ya yi gaba.

Asabar tun da sassafe jakar Bushira tana zaure. Ta yi wanka ta sa kayan tafiya, ta ce wa mai Keke Napep ya zo ƙarfe tara ya kai ta tasha. Muka shiga ɗakin tankuna mu uku. Abin da idona ya fara sauka a kai fararen ƙwai ne, nan da can a kan raga.

"Kullum akan samu farare," in ji Bushira. "Dubi sauran."

Sauran suna nan da launinsu, amma ko motsi. Ta duba agogo, ta tsoma wani ɗan tsinken gilas ta duba ɗumin ruwa, ta sake duba agogo. Ƙarfe takwas ta wuce. Mairam ta kawo koko ba wanda ya taɓa. Takwas da rabi. Bushira ta naɗe hannun rigar tafiyarta, ta durƙusa da tocila da gilashin ƙara girma, ta kafa ido a kusurwar ragar.

Ni na fara gani, kuma wannan ba wanda zai ƙwace mini. Idon da ya saba hango motsin kifi a ƙarƙashin kainuwa bai buƙatar gilashi. A ƙasan tanki, ƙarƙashin ragar, wani abu kamar ɓurɓushin zare ya karkaɗa wutsiya.

"Ga ɗaya," na ce.

"Ina?"

"Ga wani. Ga wasu can. Bushira, dubi ƙasa, ba raga ba!"

Ta mayar da tocila. Ƙasan tankin yana rawa. Suna zubowa ta ramukan gidan sauro kamar ana tankaɗe, kowanne da ɗan ƙullin cikinsa, suna taruwa a lungu inda ba haske. Mairam ta rangaɗa guɗa a ɗakin da bai fi taku huɗu ba, har kunnena ya toshe. Bushira tana durƙushe, ruwa ya jiƙa mata gaban riga, kafaɗunta suna girgiza.

A waje mai Keke ya danna ham.

Na daɗe ina shirya roƙon da zan yi mata a wannan lokaci, amma da ya zo sai na ji ba ni da bakin yinsa. Na ce, "Ga mai Kekenki. In tafiyar ce, ki tafi, Allah ya sa albarka. Amma ki tafi kin san kin iya. Tun ranar farko kin iya."

Ba ta juyo ba. Ta share hanci da bayan hannu.

"Baba, kana tare mini haske."

Na matsa.

"Sai an ɗage ragar nan yanzu, in ba haka ba matattun ƙwai za su ɓata ruwan. Bayan kwana uku a fara ba su abinci, sau biyar a rana. Sati biyu kuma a rarraba su, don manya cinye ƙanana suke." Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa. "Wa zan bar wa? Kai?"

Aka sake danna ham.

"Je ka ce masa ya yi haƙuri, an fasa."

Na fita. A zaure na yi tuntuɓe da jakar, na tsallake ta. Ina isa ƙofar gida abin da na riƙe tun Laraba ya ƙwace mini, na tsaya a gaban mutumin nan hawaye yana bin gemuna, na kasa haɗa kalma biyu. Ya kashe injin ya sauko da sauri.

"Subhanallahi! Baba, rasuwa aka yi?"

Na girgiza kai. "Haihuwa."

"To alhamdu lillahi! Mace ko namiji?"

"Ba mu duba ba tukuna," na ce. "Sun kai dubu ashirin."